Abin da Ke Amsawa

Ƙarfe bakwai muke fara neman ƙarfe.
Raɓa na kan ciyawa tukuna,
shanun tsoho Bounthieng na kallonmu daga bayan igiya.
Thongbai ta busa usur,
kowacce ta tsaya a bakin layinta:
faɗinsa taku ɗaya, jan zare dama, jan zare hagu.

Sandar da ke hannuna ba ta da ido.
Faifai ne a bakinta, da waya a naɗe ciki;
lantarki na zagaya wayar,
ya tura maganaɗisu ƙasa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.
Saiwa ba ta amsawa.
Ƙashi ba ya amsawa.
Ƙarfe ne bai iya riƙe bakinsa ba:
ko shekara hamsin ya yi a kwance
sai ya ce, ga ni.

Matsalar, masu cewa ga ni sun yi yawa.
Ƙusa na cewa. Murfin gwangwanin kifi na cewa.
Ita kanta jar ƙasar Phonsavan akwai ƙarfe a jininta,
tana yi mini gunaguni a kunne yini guda
kamar wadda aka tasa daga barci.
A watana na farko na durƙusa wa ƙusa da gwangwani ɗari uku da sha ɗaya.
Na ƙirga.
Kowanne na tona masa daga gefe,
da ɗan cebur da bai fi cokali ba sosai,
na ba shi girman da ake ba ajali.

Na ɗari uku da sha biyu girman lemo ne,
tsatsa ta ci bayansa.
Daga jirgi aka zubo shi da 'yan'uwansa
tun uwata tana goye.
Bai fashe ba.
Bai kuma fasa ba.

Na kafa jar sanda, na ja da baya ta kan sawuna.
Da yamma aka yi shela a kwashe yara,
aka ja waya, aka ƙirga zuwa uku.
Tsuntsaye suka tashi, suka dawo.

Tsohon bai damu da ƙarar ba.
Kullum yana zaune a kan kwandonsa na shinkafa
yana tambaya, kun kai gindin gora?
Mun ɗauka gonar yake ɗoki.
Sai ran da ya kawo mana shayi ya ce
ƙanwarsa Khamphet tana wajen.
Da dare suka sa ta, da sauri, ba fitila,
ana gudu zuwa kogo.
Na ce, Baba, na'urar ba ta jin mutane.
Ya ce, na sani. Tana da munduwa.

Sati uku kafin igiya ta kai gora.
Ranar Alhamis, wajen sha ɗaya,
kukan ya zo siriri, ba irin na ƙusa ba.
Na zagaya faifan sau biyu, ya sake.
Na durƙusa. Daga gefe, kamar kullum,
don ka'ida ba ta san labarin kowa ba.
Tagulla ce, ta yi kore.
Yatsuna uku ba su shiga cikinta ba.

Takardar rahoto gida biyu gare ta:
mai fashewa, da tarkacen ƙarfe.
Thongbai ta daɗe riƙe da biro,
sannan ta mayar da shi aljihu.

Tsohon ya zo ta tsakanin zaren nan biyu,
inda ƙafa ke da izini.
Bai ɗauka ba. Ya zauna a bakin ramin,
ya ce mu ba shi zuwa gobe.

Muka matsa layi na gaba.
Ban yi taku huɗu ba
wani abu ya ce, ga ni.